Ciwon Mantuwa na Gado da Karrama Masu Tara Masa Gudummawa a Birtaniya

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Birtaniya akwai wata al'ada da baƙo kan jima bai gane kanta ba. Mutum zai tashi ya ce zai yi gudun kilomita 42, ko zai taka ƙasar da ƙafa daga wannan baki zuwa wancan, sa'an nan ya roƙi jama'a su biya kuɗi saboda wahalar da zai sha. Kuɗin ba aljihunsa za su shiga ba, wata ƙungiyar agaji ce za ta karɓa. In ya yi ƙoƙari har aka gani, sai a kira shi gidan talabijin, wani lokaci ma a kira shi fada a maƙala masa lambar girma.

Wannan takarda za ta dubi rukuni guda daga cikin irin waɗannan mutane, wato waɗanda suka fito daga gidajen da ake gadon ciwon mantuwa. Abin da ya bambanta su da sauran masu tara gudummawa shi ne, ciwon da suke yi wa yekuwa yana cikin jininsu, ko kuma akwai yiwuwar haka. Duk ranar da ɗayansu ya tsaya gaban jama'a ya yi magana, ya buɗe asirin gidansu ke nan, har da na ƴan'uwan da ba su ce a faɗa ba. Saboda haka idan aka ga an karrama irin wannan mutum, ya kamata a tambaya: mene ne ainihin abin da ake yaba masa a kai?

2.0 Matsalar suna

Kafin a shiga batun sai an daidaita a kan kalma, domin kuwa ɗalibin da aka ba shi fassarar labari irin wannan zai yi tuntuɓe tun a layin farko. Bahaushe yana da "gigin tsufa", kuma yakan ce "tsoho ya ruɗe". Kafofin watsa labarai kuwa sun fi amfani da "cutar mantuwa" ko "cutar mantau". Kowace daga cikinsu tana da inda ta gaza.

"Gigin tsufa" ta ɗaure abin da shekaru, ta mai da shi wani mataki na rayuwa kamar furfura, alhali ciwo ne da ke kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Hasali ma matar da likitan nan Bajamushe, Alois Alzheimer, ya fara bayyana ciwon a kanta, wato Auguste Deter, shekarunta 51 lokacin da aka kwantar da ita asibiti a Farankfot cikin 1901, ta rasu a 1906. Waɗanda za a yi magana a kansu a nan kuwa, wasunsu ciwon yana kama su tun suna ƴan shekara arba'in da ɗoriya. Ba a ce wa uwar da ke da ɗa a makarantar firamare tana gigin tsufa.

"Ciwon mantuwa" ta fi dacewa, amma ita ma ba ta game komai ba. Akwai nau'in da ke fara cin gaban ƙwaƙwalwa da gefunanta, wanda likitoci suke taƙaita sunansa da FTD, kuma shi ba da mantuwa yake farawa ba. Hali ne ke fara sauyawa: mai kunya ta daina jin kunya, mai tausayi ya daina kula da kowa, ko kuma magana ta riƙa ɓace wa mutum a baki. Ɗaliban da suka yi karatu da Faransanci suna da wani tarkon na daban. Kalmar démence da likitocin Nijar da Kamaru da Cadi suke rubutawa, a Faransancin yau da kullum tana kuma nufin hauka, don haka mai gaggawa zai iya fassara ta da "hauka" ko "taɓin hankali", ya jawo wa marar lafiya da danginsa abin kunyar da masu fafutukar nan suke ƙoƙarin kawarwa. A wannan takarda an zaɓi "ciwon mantuwa" a matsayin sunan da ya tattara nau'o'in duka, tare da sanin gazawarsa.

3.0 Yadda ake gadonsa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ne suke fama da ciwon mantuwa a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 nasu kuma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke. Mafi yawan waɗannan ba gadon ciwon suka yi kai tsaye ba. Wanda kakarsa ta ruɗe tana da shekara 85 ba shi da dalilin ɗaukar cewa an riga an rubuta masa haka. Nau'in Alzheimer da ake gada kai tsaye bai kai kashi 1 cikin 100 na masu ciwon ba. A FTD gadon ya fi yawa, domin kimanin kashi ɗaya bisa uku na masu shi ana samun wani mai irin ciwon a danginsu.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar wannan gado ita ce a kwatanta shi da na sikila, wanda mai karatu ya riga ya sani. A sikila sai ɗa ya karɓi ƙwayar gado mai matsala daga uwa, ya kuma karɓa daga uba, kafin ciwon ya bayyana, shi ya sa ake yin gwajin jini kafin aure don kada masu ɗauke da ita biyu su haɗu. A ciwon mantuwa na gado abin ba haka yake ba. Ƙwaya ɗaya tak daga ɗayan iyaye ta isa. Idan uwa tana da ita, kowane ɗa da ta haifa yana tsakanin biyu ne, rabi da rabi, ko da wa ta aura. Wanda ya gaje ta kuma, a mafi yawan irin waɗannan gidaje, kusan tabbas ne ciwon zai same shi, galibi a kusan shekarun da ya sami mahaifin nasa ko mahaifiyar. Wanda bai gaje ta ba ya tsira, shi da zuriyarsa.

Bahaushe ya ce kyan ɗa ya gaji ubansa, amma ya san akwai gadon da ba a so, shi ya sa binciken asali kafin aure kan haɗa da tambayar irin cututtukan da ke gidan. Turawa ma haka suka yi shekaru suna ɓoye nasu. A gidaje da yawa sai dai a ce wance ta yi ciwon jijiya, ko wane shan giya ne ya lalata shi.

4.0 Wasiƙar Carol Jennings

A 1983 aka tabbatar wa wani mutumin Nottingham a Ingila cewa yana da ciwon Alzheimer, bai kai shekara 60 ba. Ba a daɗe ba sai ga alamun ciwon a jikin wasu ƴan'uwansa da suke ciki ɗaya. Ƴarsa, wata malamar makaranta mai suna Carol Jennings, ta ga abin ya wuce a ce katari ne. A lokacin yawancin likitoci ba su ɗauki maganar gado a wannan ciwo da muhimmanci ba. A 1986 ta ga sanarwar wasu masu bincike na asibitin St Mary's da ke Landan, John Hardy da Martin Rossor, suna neman gidajen da ciwon ya kama mutum fiye da ɗaya. Sai ta rubuta masu wasiƙa, ta zayyana masu danginta.

Wasiƙar ita ce ƙaramin aikin. Babban aikin shi ne bin dangi ɗaya bayan ɗaya, baffanni da gwaggonni da ƴaƴansu, tana lallashinsu su ba da jini, a kan al'amarin da wasunsu ba su so ko a ambata. Da wannan jini ne ƙungiyar Hardy, musamman Alison Goate, ta gano wani ɗan sauyi a ƙwayar gado da ake kira APP, a kan kuromosom na 21. An buga sakamakon a mujallar Nature a 1991, kuma shi ne karo na farko da aka nuna takamaiman sauyin ƙwayar gado da ke haddasa ciwon Alzheimer. Ƙwayar APP ita ke samar da furotin ɗin da amiloyid ke fitowa daga gare shi, wato abin nan mai danƙo da ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu ciwon. Daga nan Hardy da abokin aikinsa Gerald Higgins suka fito da ra'ayinsu a 1992, cewa taruwar amiloyid ita ce mafarin ɓarnar, sauran abubuwa biyo baya suke yi. Masana sun yi ta jayayya a kan wannan ra'ayi, har yanzu ma ba a gama ba, amma shi ya ja akalar binciken magunguna fiye da shekara talatin. A 1995 aka gano wasu ƙwayoyin biyu, PSEN1 da PSEN2, su ma ta hanyar gidajen da suka yarda aka bincike su.

A nan ne muhimmancin waɗannan gidaje yake, duk da ƙarancinsu. Tun da an san wanda zai kamu da kuma kusan shekarar da zai kamu, ana iya duba ƙwaƙwalwarsa tun yana da lafiya. Wani shirin bincike na ƙasa da ƙasa mai suna DIAN, wanda aka kafa a 2008 a Jami'ar Washington da ke St Louis a Amurka, ya nuna a 2012 cewa sauye-sauyen suna farawa shekara 15 zuwa 25 kafin mutum ya fara mantuwa. Ba yadda za a yi a gano haka a jikin tsohon da aka kawo asibiti bayan ya riga ya ruɗe.

Ita Carol, da gwajin ya samu, ta ƙi yarda a faɗa mata ko tana ɗauke da ƙwayar. Ta yi shekaru tana yawon tarurruka a ciki da wajen Birtaniya, ita da mijinta Stuart, wanda limamin coci ne, tana bayani a kan ciwon da ba ta san ko yana jiranta ba. A 2012 aka tabbatar ya kama ta. Ta rasu a watan Maris na 2024.

Ga yadda karramawar ta kasance. A ƙarshen 2015 aka sanar da ba John Hardy kyautar Breakthrough, mai dala miliyan 3, a 2022 kuma aka ba shi muƙamin Sir. Carol da Stuart kuwa, ƙungiyar Alzheimer's Society ta naɗa su cikin mataimakan shugabanta, ta kuma sa wa wani tallafin bincike sunan Carol, a lokacin da ciwon ya riga ya ci ƙarfinta. Bayan rasuwarta BBC ta nuna fim a kan gidan nasu. Ba a faɗi wannan don rage wa Hardy daraja ba, shi kansa yakan ambaci gidan Jennings in yana ba da labarin binciken. Abin lura kawai shi ne, yabon ya riski mai ɗakin gwaji da wuri, ya riski mai jinin a makare.

5.0 Ƴan'uwa biyu da gudun famfalaƙi

Carol jini da magana ta bayar. Na bayanta da yawa ƙafafunsu suke bayarwa, kuma akwai tsarin da ya sa haka take yiwuwa. Gudun famfalaƙi na Landan, wanda aka fara a 1981, ya zama babbar kasuwar tara gudummawa, har jimlar abin da aka tara ta hanyarsa ta haura fam biliyan 1 a 2019. A wannan shekarar ma ƙungiyoyi biyu na ciwon mantuwa, Alzheimer's Society da Alzheimer's Research UK, su ne suka haɗu suka zama ƙungiyar agajin gudun ta shekara. Mai gudu yakan buɗe shafi a intanet ya rubuta labarinsa, jama'a su zuba kuɗi su tafi kai tsaye ga ƙungiyar. Bugu da ƙari akwai tsarin haraji mai suna Gift Aid, inda gwamnati take ƙara kashi 25 cikin 100 a kan abin da mai biyan haraji ya bayar.

Mai karatu zai lura cewa a wannan tsari labari shi ne jari. Dubban mutane ne suke gudu, wanda labarinsa ya fi taɓa zuciya shi ya fi tara kuɗi.

Jordan Adams da ƙanensa Cian, mutanen garin Redditch, suna daga cikin waɗanda aka fi sani a wannan fage. An tabbatar wa mahaifiyarsu ciwon FTD a 2010 tana da shekara 47, ta rasu a 2016 tana da 52. Yaran a gida suka tashi suna jinyarta. Nata nau'in daga ƙwayar MAPT yake, wadda aka gano alaƙarta da ciwon a 1998. Saɓanin Carol, su sun zaɓi su sani. Jordan ya yi gwaji a 2018, Cian a 2023, aka sami dukansu biyu suna ɗauke da ita, wato suna sa ran ciwon zai fara nuna kansa a cikin shekarunsu na arba'in. Suka ɗauki sunan FTD Brothers, suka ci alwashin tara wa Alzheimer's Research UK fam miliyan 1. A 2024 suka yi gudu daga John o' Groats a ƙarshen arewacin Sukotland zuwa Land's End a kudu maso yammacin Ingila, tafiyar kimanin kilomita 1,400, cikin kusan wata guda.

Kuɗin da irin su suke tarawa, in aka auna shi da abin da gwajin magani ɗaya ke ci, bai taka kara ya karya ba. Amfanin da ya fi kuɗin shi ne, saurayi mai ƙarfi a jika ya bayyana a talabijin ya ce wannan ciwon nawa ne. Wanda ya ga haka da wuya ya sake ɗaukar ciwon mantuwa abin tsofaffi kaɗai. Likitan unguwa ma da aka kawo masa mace mai shekara 45 wadda halinta ya sauya, wataƙila ya tuna ya tambayi tarihin gidansu kafin ya ce damuwa ce ko rikicin aure.

6.0 Lambar yabo da abin da ke bayanta

Hanyoyin karramawa a Birtaniya suna da yawa. Mafi girmansu su ne lambobin masarauta, irin su MBE da OBE da CBE, na tsarin da Sarki George na Biyar ya kafa a 1917. Ana fitar da sunaye sau biyu a shekara, a sabuwar shekara da kuma bikin ranar haihuwar sarki a watan Yuni, kuma kowane mutum yana iya gabatar da sunan wani. Jaridar Daily Mirror ta fara bikin Pride of Britain a 1999, wanda ke da rukuni na masu tara gudummawa, a 2014 kuma ofishin Firayim Minista ya fara ba ƴan sa-kai lambar Points of Light. Ba kuɗi ake bi a waɗannan ba. Amfaninsu shi ne suna buɗe ƙofa: ɗan jarida ya amsa waya, ɗan majalisa ya ba da lokacin ganawa, kamfani ya yarda ya ɗauki nauyin gudu na gaba. A gidan da aka yi zuriya uku ana ɓoye wani ciwo kuwa, ganin an kira ɗan gidan fada saboda wannan ciwon ba ƙaramin abu ba ne.

Misalin Charles Sabine ya nuna haka. Shi tsohon ɗan jaridar yaƙi ne na gidan talabijin na NBC, daga gidan da ake gadon ciwon Huntington, wanda ke haɗa motsin jiki ba da son mutum ba, da sauyin hali, da lalacewar tunani. Bayan ya san yana ɗauke da ƙwayar, sai ya fito fili ya faɗa. Yana cikin waɗanda suka shirya ganawar da Fafaroma Francis ya yi da iyalan masu ciwon ranar 18 ga Mayu, 2017, inda aka kawo wasu daga cikin matalautan Benezuwela da Kolombiya, mutanen da a garuruwansu ake ƙyamar taɓa su. An ba Sabine lambar OBE a jerin sabuwar shekarar 2022.

Sai dai fitowa fili tana da farashi, kuma lambar ba ta biyansa. A Birtaniya, bisa yarjejeniyar 2018 tsakanin gwamnati da kamfanonin inshora, ba a tilasta wa mutum ya bayyana sakamakon irin wannan gwaji, in ban da na Huntington ga mai neman inshorar rai da ta haura fam 500,000. A Amurka dokar GINA ta 2008 ta hana nuna bambanci a wajen aiki da inshorar lafiya, amma ba ta shafi inshorar rai ko ta jinyar dogon lokaci ba. Wanda ya faɗi sakamakonsa a talabijin kuwa ya riga ya faɗa wa kowa, da mai ɗaukarsa aiki da iyayen wadda zai aura. Ya kuma faɗa wa duniya cewa ƴan'uwansa na ciki ɗaya suna tsakanin rabi da rabi. Ba abin mamaki ba ne da a ciwon Huntington, inda gwajin ya samu tun 1993, waɗanda suke yin sa ba su kai ɗaya cikin biyar na masu haɗarin ba. Ƙin sani ba ragwanci ba ne, ƙa'idar likitocin gado ma ita ce ba a matsa wa kowa, ba a kuma yi wa yaro gwajin ciwon da sai ya girma zai same shi. Nancy Wexler, wadda ta jagoranci binciken da aka yi a ƙauyukan tafkin Maracaibo na Benezuwela har aka kai ga gano ƙwayar Huntington, ta karɓi lambar Lasker a 1993, amma sai a 2020 ta yarda ta bayyana cewa ciwon da ya kashe mahaifiyarta ya kama ta.

Wani abin kuma shi ne, yabo yana bin abin da ido ke gani. Gudun wata guda ana iya ɗaukar hotonsa. Shekara shida na wanke marar lafiya da ba shi abinci a baki ba a ɗaukar hotonsu, kuma a kowane gida daga cikin waɗanda aka ambata akwai wanda ya yi wannan aikin. Masuntan Maracaibo da suka ba da dubban samfuran jini, sunayensu ba su shiga jerin lambobi ba, yawancinsu kuma cikin talaucin da aka same su suka ci gaba da zama.

Game da magani, har yanzu ba wanda ke warkar da ko ɗaya daga cikin waɗannan cututtuka. Lecanemab, wanda ke share amiloyid daga ƙwaƙwalwa kuma asalinsa ke komawa ga ra'ayin da jinin gidan Jennings ya haifar, ya rage saurin lalacewa da kashi 27 cikin 100 a gwajin wata 18 da aka bayyana a 2022. Amurka ta amince da shi a 2023. Hukumar magunguna ta Birtaniya ta ba shi lasisi a watan Agusta na 2024, wata biyar bayan rasuwar Carol. A rana guda kuma hukumar NICE, mai auna amfanin magani da tsadarsa, ta ce amfanin bai kai a biya kuɗinsa a asibitocin gwamnati ba, ta sake nanata wannan matsayi a 2025. Shi FTD na ƴan'uwan Redditch ba amiloyid ne ke jawo shi ba, wani furotin ne mai suna tau, saboda haka wannan magani bai ma shafe su ba.